Daga Ƙwarya Zuwa Kofin Shayi: Tarihin Zaman Maraice A Zuru

Mu marubutan littattafan Hausa muna da wata ɗabi'a, wato duk lokacin da muka so mu nuna yaro ya lalace, sai mu ɗauke shi mu kai shi mashaya, mu ajiye masa kwalba a gaba, shi ke nan mai karatu ya gane. Ni kaina na sha yin haka, amma ban taɓa tsayawa na tambayi yadda waɗannan wurare suka samo asali a garinmu na Zuru ba. Kada wani ya ɗauka tallar giya nake yi, domin kuwa ni Musulmi ne, na san hukuncinta. Tarihi ne dai, shi kuwa tarihi ba ya gyaruwa don an ɓoye rabinsa.

Ƙasar Zuru tana kudu maso gabashin Jihar Kebbi, wadda aka cire daga Jihar Sakkwato a 1991. Ƙasa ce ta duwatsu da noman dawa, inda Dakarkari, waɗanda suke kiran kansu Lelna, suke zaune tare da Fakkawa da Dukkawa da Kambari da Hausawa da Fulani. A nan ba abin mamaki ba ne ka tarar da gida guda, wa Musulmi, ƙane Kirista, kakansu kuma yana bin addinin gargajiya. Wanda bai riƙe wannan ba, ba zai fahimci sauran bayanin ba.

Kafin zuwan Turawa babu wani gini da ake kira mashaya, burkutu ne, kuma aikin mata ne. Za a jiƙa dawa, a shimfiɗa ta a lulluɓe har ta yi tsiro, a shanya, a niƙa, a dama, a dafa cikin manyan tukwane, a tace, a bari ya yi tsami, a sake dafawa, sannan a bar shi ya tashi. Aiki ne na kwanaki, amma da zarar ya nuna ba ya jimawa yake lalacewa. To a nan gizo yake saƙar, domin abin da ba ya ajiyuwa dole a taru a sha shi. Shi ya sa ake dafa shi ranar gayya, da ranar kasuwa, da wajen makoki, da lokacin bikin Uhola bayan an kawar da amfanin gona. Haka nan samarin Golmo, waɗanda suke yi wa surukai noma har shekara bakwai kafin a ba su mata, ba a barinsu su tashi daga gona da ƙishirwa. Ƙwarya ce take zagayawa, babba ya fara, yaro ya jira, wanda ya wuce gona da iri kuma akwai dattijon da zai tsawata masa.

Da Turawa suka zo, sun tarar da yarjejeniyar da ƙasashensu suka ƙulla a birnin Burasel a 1890, wadda ta hana kai barasa mai ƙarfi yankunan da ba su saba da ita ba. Gwamna Lugga, wanda ya kama mulkin Arewa a 1900, ya hana shigo da ita, alhali a Kudu da harajinta gwamnati take samun kuɗi masu yawa. Wannan ya sa tukunyar burkutu ta daɗe tana cin karenta babu babbaka. Masu wa'azin Kirista da suka zauna a Zuru tun shekarun 1920 sun yi ta hani da sha, malaman Musulunci ma haka, amma dai ba a daina dafawa ba.

Abin da ya sauya zance shi ne aikin soja. Tun zamanin Turawa an san Dakarkari da shiga soja, sun je yaƙin Bama a lokacin yaƙin duniya na biyu, sun kuma yi yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970. Daga wannan ƙasa aka samu Janar Ishaya Bamaiyi, wanda ya shugabanci sojan ƙasa daga 1996 zuwa 1999, da marigayi Sarkin Zuru, Manjo Janar Sani Sami, wanda ya rasu a 2025. Shi soja a bariki ya koyi sayen abin sha da kuɗi, a lokacin da ya ga dama, ba sai an yi gayya ba. Kamfanin da yake yin giyar Star ya fara aiki a Legas a 1949, ya buɗe masana'anta a Kaduna a 1963, daga nan kwalba ta kama hanyar garuruwan Arewa. Da ’yan mazan jiya suka dawo gida da fansho, sai rumfuna suka fara tsirowa a unguwa, ga benci, ga rediyo, ga farfesu a kan wuta, ga mai tsire a bakin ƙofa.

Kasuwar bariki ma da ake kira Mami Maket, mutane da yawa ba su san sunan mace ba ne. Mammy Ochefu, matar wani soja, ita ce ta fara sayar da kunu a barikin Inugu a 1959, sojoji suka riƙa tururuwa wurinta, sunan ya bi kowane bariki a Nijeriya. Ka ji, da kunu aka fara!

Ana cikin haka sai ga batun Shari'a. Zamfara ta ƙaddamar a 1999, Kebbi ta bi sahu a ƙarshen 2000. A garuruwa da yawa an rufe gidajen giya, masu sha suka koma bariki, tunda filin gwamnatin tarayya ne. A Zuru kuwa, inda waɗanda ba Musulmi ba suke da yawa, lamarin sai da lallami. An yi fargaba, an yi ka-ce-na-ce, amma Allah ya kiyaye garin daga irin abin da ya faru a Kaduna a shekarar. A ganina, cikin dalilan akwai sanin juna, domin da wuya ka ɗaga wa mutum adda alhali jiya kwano ɗaya kuka ci.

A ina ake wannan sanin junan? A teburin mai shayi. Shi ne wurin da babu wanda addininsa ya hana shi zama. Ga gwangwanayen madara an jera, ga burodi, ga ƙwai yana soyuwa, daga baya Indomie ta shigo ta kama wuri. Wanda ya fito sallar isha da wanda ya taso daga coci benci ɗaya suke zama, a yi musun ƙwallo, a yi na siyasa, a ji wa ya rasu, wa aka yi wa haihuwa. Wani dare na ce da wani tsohon soja da muke zama tare, "Baba, yau ba ka leƙa rumfa ba?" Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, can abokan sha ne, nan kuwa har da ’yan'uwa, in na tsaya can kawai yaushe zan ga ƙanena Alhaji?"

Ba na cewa rumfar giya ba ta yi ɓarna ba. Mun ga fanshon da ya ƙare a kan benci kafin ya isa gida, mun ga matan da suka sha wuya, mun ga yaran da aka koro daga makaranta. Sai dai abin da ya zo daga baya ya fi ban tsoro, wato barasar leda da ƙwayoyi da maganin tari mai kodin, wanda gwamnati ta hana a 2018. Waɗannan a aljihu ake sa su, a kango ake sha, babu dattijon da zai tsawata, kuma ba su tambayar addinin yaro.

Sannan ga rashin tsaro. A watan Maris na 2022 ’yan bindiga sun yi wa ’yan sa-kai kwanton ɓauna a masarautar Zuru, suka kashe sama da 60. Ƙauyuka sun tashi, gonakin dawa sun zama daji, a wurare da dama da an yi magariba kowa sai ya shige gida. Cire tallafin man fetur a 2023 kuma ya sa shayi da burodi ya zama sai an yi lissafi.

Shi ya sa na ce mu marubuta mu yi adalci. Mu faɗi illar sha ba tare da ɓoye-ɓoye ba, amma mu tuna cewa garin da mutanensa suka daina zama wuri ɗaya da maraice, jita-jita ce za ta riƙa kai musu labarin juna. Allah ya zaunar da ƙasar Zuru lafiya, ya shirya mana zuri'a. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.