Tuta da Mutum-mutumi: Yadda Malesiya Take Girmama Mazajenta

Wanda ya taso daga kasuwar Chow Kit a birnin Kuala Lumpur, ya bi titin Tuanku Abdul Rahman ya yi kudu, ba zai jima ba sai ya ɓulla filin da ake kira Dataran Merdeka. A nan ne aka sauke tutar Ingila aka ɗaga ta Malaya da tsakar dare, wayewar garin 31 ga Agusta 1957. Turawa sun tafi da tutarsu, amma sun bar wa sojan ƙasar al'adunsu na girmama mamata: a lulluɓe akwatin gawa da tuta, a busa begila, a ajiye furanni a gindin abin tunawa. Ba duka ne suka dace da ƙasar da Musulunci ne addinin hukumarta ba.

A 1960 Firayim Minista Tunku Abdul Rahman ya ziyarci Amurka, ya ga mutum-mutumin sojojin da suka kafa tuta a tsibirin Iwo Jima. Abin ya ƙayatar da shi, har ya nemi wanda ya sassaƙa shi, Felix de Weldon, ya yi wa ƙasarsa irinsa. Ran 8 ga Fabrairu 1966 aka buɗe Tugu Negara, watau surar mutum bakwai ta tagulla, ɗayansu yana riƙe da tuta. An yi shi ne don tunawa da waɗanda suka rasu wajen kare ƙasar, musamman a yaƙi da 'yan tawayen kwaminis daga 1948 zuwa 1960. A watan Agustan 1975 'yan tawayen suka dasa masa nakiya, sai da aka sake gyara shi.

Abin da nakiya ta kasa, fatawa ta yi. Shekara da shekaru, kowace ran 31 ga Yuli, Ranar Mazajen Jiya, sarkin ƙasar yakan ajiye furanni a gabansa. Malamai kuwa ba su daina ƙorafi ba, domin a wurinsu tsayuwar girmamawa gaban surar ɗan Adam ta yi kama da bautar gumaka. A 2010 gwamnati ta ɗauke bikin daga wurin.

Tuta ba ta gamu da wannan cikas ba, kuma dalilin a fili yake: ba ta shiga kabari. Musulmi da likkafaninsa ake sa shi a ƙasa, janar ne ko kurtu. Tutar rakiya kawai take yi. A bakin kabari a yaye ta, a naɗe, a miƙa wa magada. Haka ma sojan Nijeriya suke yi. Amurkawa su ne suka fi kowa ƙawata wannan mataki, don sukan ninke tutar ta zama mai kusurwa uku, iyali su ajiye ta cikin ƙaramin akwati mai murfin gilashi.

Manyan ƙasar kuwa makwancinsu yana harabar Babban Masallacin Ƙasa, a hubbaren Makam Pahlawan, inda babu surar kowa. An fara da Tun Dakta Ismail a 1973, sai Tun Abdul Razak a 1976. A 1990 aka kai Tun Hussein Onn, Firayim Minista na uku, tsohon hafsan da ya koyi aikin soja a Dehradun ta Indiya, ya kuma yi Yaƙin Duniya na Biyu a Gabas ta Tsakiya.