Jitar da Ake Kwantarwa a Cinya

Ita wannan jita ba a rungumarta a ƙirji. Kwantar da ita ake yi a cinya, tsirkiyoyinta na kallon sama. Makaɗi ya riƙe wani guntun ƙarfe mai santsi a hannun hagu yana jan sa bisa tsirkiya, hannun dama kuma na kaɗawa da 'yan faratan ƙarfe da ya sa a yatsu. Layukan da ke wuyanta zane ne kawai, ba abin da ake dannewa. Don haka sautin zamewa yake yi daga wannan murya zuwa waccan ba yankewa, irin yadda goge ke kuka a hannun gwani. Ƙarfen ya goce da faɗin gashi ɗaya, kowa zai ji.

A tsibiran Hawai aka haife ta. Jita ta isa can tun wajen shekarun 1830, a hannun makiyayan da aka ɗauko daga Meziko, mutanen gari kuma suka sassauta tsirkiyoyin suka yi musu nasu ɗaurin. Wanda aka fi danganta salon kwantarwa a cinya da shi shi ne Joseph Kekuku, haifaffen garin Laie a 1874. Ana ba da labarin wani ƙarfe ya tsinta yana yaro, ya goga a tsirkiya, sautin ya kama shi. Ya ci gaba da gwaji a makarantar Kamehameha har ya ƙera sandar da ta dace, ya ɗaga tsirkiyoyin daga jikin wuya. A 1893 aka tumɓuke Sarauniya Liliuokalani, a 1898 Amurka ta haɗiye ƙasar. Kekuku ya bar gida a 1904, ya rasu a New Jersey a 1932. Mutanen da aka ƙwace wa sarauta su ne suka bi garuruwan Amurka suna koya wa jama'a kiɗa, kuma bayan baje kolin San Francisco na 1915 faifan Hawai ya zama abin yayi a ko'ina.

Matsalar ita ce ƙara. Jitar katako ba ta iya ja da ƙaho da ganga a babban zaure, kuma neman maganin wannan ne ya haifar da kayan da ake rububi a yau. Hermann Weissenborn, Bajamushe mazaunin Los Angeles, ya yi tasa da itacen koa, ya bar wuyanta da rami tun daga kai har ciki don duk jikin ya amsa. A 1927 John Dopyera da George Beauchamp suka fito da jitar National mai jikin ƙarfe, da mazurari uku na alminiyam a ciki, masu tsadar kuma an zana musu furanni. Da irinta Sol Hoopii ya yi faya-fayan da har gobe ake koyi da su.

Beauchamp bai tsaya nan ba. Shi da Adolph Rickenbacker suka sa a kasuwa a 1932 wata 'yar jita ta zubin alminiyam, kai kewayayye da dogon wuya, har aka yi mata laƙabi da kaskon suya. Maganaɗisu biyu masu siffar takalmin doki sun kewaye tsirkiyoyin, suna mai da motsinsu lantarki zuwa lasifika. Ita ce jitar lantarki ta farko da ta samu shiga a kasuwa, kuma a cinya ake kaɗa ta. Aibinta ɗaya: in fitilun dandamali suka gasa ta, alminiyam ya buɗe, saiti ya kwance. Sai a 1935 kamfaninsu ya koma ga Bakelite, wata baƙar roba mai nauyi da tauri, aka lulluɓe fuskarta da faranti masu sheƙi. A kunnena ba a sake yin mai zaƙinta ba. Sautin yana da kauri, yana daɗewa kafin ya mutu. Leo Fender ma da irin waɗannan jitoci ya fara sana'a a 1945, shi da Doc Kauffman, shekara biyar kafin jitar da ta fito da sunansa duniya.

Daga nan ta bazu. Bob Dunn ya shigar da ta lantarki faifai a 1935, Don Helms ya raka muryar Hank Williams da Gibson mai wuya biyu, majami'un House of God na baƙaƙen fata suka sa ta tana amsa wa mai wa'azi. Ta je Indiya, ta je Kwango a hannun Docteur Nico.

To amma sanda miƙaƙƙiya ce, abin da ɗaurin tsirkiya ya ba ka shi za ka samu. Masu neman ƙari suka riƙa ƙara wuya, kowane da nasa ɗaurin, har Fender ya yi Stringmaster a 1953 mai kaiwa wuya huɗu, tsirkiya takwas-takwas, tsaye bisa ƙafafu. A ƙarshen wannan shekara Bud Isaacs ya taka feda a waƙar Webb Pierce mai suna Slowly, tsirkiya ta canza murya tana cikin kuka. Makaɗan Nashville suka yi ca, wasu har da haɗa wa tsofaffin jitocinsu waya da feda a gida. Cikin 'yan shekaru mai feda ta ƙwace fagen, kuma irinta ce Demola Adepoju ya kaɗa a ƙungiyar King Sunny Ade.

Ban raina feda ba, amma abin da ƙafa da gwiwa ke yi a can, a nan wuyan hannu ne ke yin sa. Makaɗi zai karkata sandar ta taɓa tsirkiya biyu ko uku a wurare daban-daban, ya juya ta baya, ya girgiza ta kaɗan don muryar ta yi rawa, gefen tafinsa na kashe tsirkiyar da ba a so. Shi ya sa ake gane mutum daga jan farko. Jerry Byrd, gwanin wannan karkatawa, ya ƙi feda har ƙarshen ransa. A 1972 ya tattara ya koma Honolulu yana koyar da matasa. Santo da Johnny kuwa sun kai kiɗansu Sleep Walk matsayi na ɗaya a Amurka a 1959 ba feda ko ɗaya.

Dubban ƙananan jitoci da aka yi wa ɗalibai, masu sunan Oahu da Supro, sun kwana shekaru a ƙarƙashin gado, maɓallan ɗaurinsu na roba sun rududduge. Gyaransu ba wuya, tunda wuyan ba ya lanƙwasa yadda zai hana kiɗa. Abin da ke ci mini rai shi ne, tun da Ry Cooder ya ɗora maganaɗisun irinsu a kan jitarsa Stratocaster, mutane ke sayen su don su ciro wannan ɓangaren kawai, su bar gangar jikin ba murya.