Ganuwar Kano da Ganuwoyin Kudu

Duk mutumin da ya taso daga ƙasarmu ta kudu, ko daga Kwandiko, ko Gwaram, ko Birnin Kudu, ya biyo hanyar Wudil har Allah Ya kai shi Kano, ya tsaya gindin abin da ya saura na badala wajen Ƙofar Gadon Ƙaya, lalle abu biyu za su zo masa a zuciya: mamakin himmar mutanen dā, waɗanda suka tara wannan ƙasa da hannu da kwando, da kuma takaicin yadda ruwan damina da masu haƙar ƙasar gini suka cinye ta, har a wasu wurare ba ka ganin kome sai tudu da kududdufi. Ni da na tsaya a wurin, sai na sami wani abu na uku, shi ne tunawa da garuruwanmu.

Ma'abota tarihi sun ruwaito cewa Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya aza harsashin ganuwar, ɗansa Tsaraki ya kammala ta, sa'an nan Muhammadu Rumfa, a tsakanin 1463 da 1499, ya faɗaɗa ta, Muhammadu Nazaki kuma ya ƙara a ƙarni na 17. Ba gidaje kaɗai ta kewaye ba, ta haɗa da Dala da Goron Dutse da gonaki da rijiyoyi, domin in abokan gaba suka yi wa birni zobe, jama'a su sami abin ci da na sha, su kuma sami masaukin 'yan'uwansu na ƙauye da suka gudo da dabbobinsu. A dā kowace ƙofa tana da sarkinta, wanda ke rufe ta in dare ya yi, a bayanta kuwa ga gwalalo da sarƙaƙiya. Amma duk da wannan tanadi, a zamanin Sarki Dadi Kwararrafa sun shigo ta wannan ƙofa ta Gadon Ƙaya da nake tsaye a gabanta, suka yi ɓarna mai yawa a cikin birni.

Abin da ba a cika faɗa ba, alhali kuwa shi ne ya fi damuna, shi ne cewa a ƙarni na 19, bayan jihadin Shehu Usmanu, ba badalar birni ce ta sha mafi yawan kibiyoyi ba, ganuwoyin ƙananan garuruwan kudu ne. Tun da Malam Hamza da jama'arsa suka bar Tsakuwa suka koma cikin duwatsun Ningi, aka kafa daular da ta ƙi bin Kano, sai ƙasar da ke tsakanin Rano da Birnin Kudu da Gwaram ta zama bakin daga, Ningawa suna fitowa da rani su kai hari, su kwashi mutane da shanu, su koma dutse inda doki ba ya da amfani. Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau gado a 1855, ya shafe shekaru yana fama da wannan fitina, kuma maganin da aka dogara gare shi shi ne ribaɗi, wato a tara jama'a a gari mai ganuwa a kan iyaka, su yi noma, su yi karatu, su tsare hanya, kamar yadda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi a Wurno. Inda babu ƙarfin ginin ƙasa sai a yi kafi na itace, kuma har yau sunayen garuruwa irin su Kafin Hausa suna shaida haka. Sunan Birnin Kudu kansa hujja ne, domin Bahaushen dā ba ya ce wa gari birni sai in yana da ganuwa.

Ganuwar ƙasa kuwa ba abu ba ce da ake ginawa sau ɗaya a huta. A dā, da zarar kaka ta wuce sai a yi shela, kowace unguwa ta fito ga rabonta, magina suna aza tubali, matasa suna kwaɓa ƙasa, mata suna jido ruwa, a toshe inda damina ta zabtare. Tsoro ne yake fitar da mutane wannan aiki, saboda haka ran 3 ga Fabrairu 1903, da Bature Kanar Morland ya zo da igwa ya ci Kano, Sarki Alu ba ya gari, hare-hare kuma suka ƙare, sai aikin ya tsaya, mutane suka watsu cikin daji suna kafa ƙauyuka kusa da gonakinsu, ganuwa ta koma ƙasar da aka ɗebo ta.

Ganuwar Kano ta sami masu yi mata kuka a jarida da rediyo, kuma an sake gina ƙofofinta, ko da yake siminti bai gaji kamannin ginin dā ba. Baƙi kuma suna zuwa Birnin Kudu don ganin zanen da ke jikin Dutsen Habude da Dutsen Mesa, su juya ba su tambayi inda ganuwa ta bi ba. Ina roƙon malaman makarantunmu na Gwaram da Birnin Kudu su ɗauki almajiransu su je ga dattawan da suka rage, su bi sawun tudun da ƙafa, su rubuta sunan kowace ƙofa da unguwar da ke gyaran ta, tun kafin garma ta baje abin da ruwa ya bari.