Malamin Bauchi da Ya Riƙe Ikko

Lokacin da Gwamna Hugh Clifford ya buɗe Kwalejin Katsina a 1922, malamai Turawa ke nema, waɗanda za su koma lardunansu su koyar da boko ba tare da sun ɗaga wa sarakuna kai ba. Ana horar da ɗalibai kan lissafi da tarihi da dabarun koyarwa, amma inda aka fi matsa musu shi ne Turanci, rubutunsa da kuma yadda ake furta shi. Nan Ahmadu Bello ya yi karatu, haka Kashim Ibrahim da Aliyu Makaman Bida da Abubakar Imam. A 1928 wani yaro daga lardin Bauchi ya bi sahunsu, sunansa Abubakar.

Ba ɗan sarauta ba ne. An haife shi a 1912 a garin Tafawa Balewa, mahaifinsa Yakubu Ɗan Zala yana aiki ƙarƙashin hakimin Lere. Ya fara da allo, ya yi elementare a garinsu, ya zarce makarantar lardi ta Bauchi. Da ya gama Katsina a 1933 sai ya koma Midil ta Bauchi ya ɗauki alli, har ya kai ga zama hedimasta. A farkon koyarwarsa ne Hukumar Fassara ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar ƙagaggun labarai, shi kuma ya shiga da Shaihu Umar, labarin bauta da fataucin Sahara da neman ilimi. Wanda ya karanta littafin zai ga halin marubucin a ciki: haƙuri, da tawakkali, da rashin son hayaniya.

Bauchi ta shekarun 1940 kuwa ba gari ne mai shiru ba. Sa'adu Zungur na nan, Malam Aminu Kano na koyarwa a makarantar da Abubakar yake, ga kuma taron muhawara inda 'yan boko ke tsefe sha'anin En'e a gaban jami'an Turawa. Zungur da Aminu wuta ne. Abubakar ya fi su sanyin baki, shi ya sa Turawa suka fi sakin jiki da shi, shi ya sa kuma wasu suka ɗauka ba zai iya taka kowa ba. A 1945 ya tafi Cibiyar Ilimi ta Jami'ar Landan ya yi shekara guda, da dawowarsa aka zaɓe shi Majalisar Dokokin Arewa, a 1947 kuma ya shiga majalisar Ikko.

A watan Agusta na 1950 ya ba masu raina shi mamaki. Ya miƙe a majalisar Kaduna ya kawo ƙudurin a binciki tsarin En'e a gyara shi, ya yi magana kan cin hanci da yadda aka bar talaka ba ya da ta cewa. A zamanin da sarki ke da alƙali da gidan yari da 'yan doka, wannan ba ƙaramar kasada ba ce ga ɗan talaka. Ƙudurin ya wuce, kuma daga nan aka fara rage ikon da sarki ke riƙe da shi shi kaɗai. A duk rayuwarsa ta siyasa da wuya a sami ranar da ta fi wannan nuna jaruntakarsa.

Sauran tafiyar ta zo da sauri. Jam'iyyar Mutanen Arewa ta zama jam'iyyar siyasa a 1951, ya zama Ministan Ayyuka a 1952, daga baya na Sufuri, sannan Firayim Minista a 1957. Ranar 1 ga Oktoba 1960 shi ya karɓi takardun 'yancin kai daga hannun Gimbiya Alexandra a filin sukuwa na Ikko, filin da yau ke ɗauke da sunansa.

A waje ne horon Katsina ya fi yi masa rana. Muryarsa mai kauri da Turancinsa na tsanaki sun sa aka yi masa laƙabi da mai muryar zinare. Ya yi jawabi a Majalisar Ɗinkin Duniya da Nijeriya ta shiga a matsayin ƙasa ta 99, ya ziyarci Shugaba Kennedy a 1961. Masu cewa ɗan amshin shatan Turawa ne sukan manta cewa gwamnatinsa ce ta katse hulɗa da Faransa a Janairun 1961 saboda gwajin bam ɗin nukiliya a Sahara, tana kuma cikin waɗanda suka matsa har Afirka ta Kudu ta fice daga Commonwealth. A Addis Ababa a 1963, ra'ayinsa na haɗin kai sannu a hankali ne ya rinjayi gaggawar Kwame Nkrumah.

A gida lamarin daban ne. Shi ne shugaban gwamnatin tarayya, amma a jam'iyya mataimaki ne, shugaba na Kaduna, wato Sardauna Ahmadu Bello. Kuma rikicin da ya taso ba irin wanda hedimasta ke kashewa da nasiha ba ne. Jam'iyyar Awolowo ta dare biyu a 1962, gwamnatinsa ta kafa dokar ta-ɓaci a Jihar Yamma, aka ɗaure Awolowo shekara goma a 1963. Ƙidayar jama'a ta jawo gardama, zaɓen 1964 ya zo da ƙauracewa, na Yamma a 1965 ya zo da ƙone-ƙone. A wannan karon Abubakar bai sa dokar ta-ɓaci ba, alhali jini na zuba, kuma abokan hamayya sun fassara hakan da kare Akintola, abokin ƙawancen jam'iyyarsa. Zargin yana da nauyi, ko masoyansa ba su cika samun amsarsa ba.

A tsakiyar wannan hali ya karɓi baƙuncin shugabannin Commonwealth a Ikko kan batun Rhodesia, a Janairun 1966. Kwanaki kaɗan bayan baƙin sun watse, cikin daren 15 ga wata, sojoji suka ɗauke shi daga gidansa, a daren da aka kashe Sardauna a Kaduna da Akintola a Ibadan. Bayan kusan mako guda aka tsinci gawarsa a gefen hanyar Ikko zuwa Abeokuta, aka kai ta Bauchi aka yi masa sutura. Yana da shekara 53.