Wa ke riƙe da agogon hanya?

Fitilar ba da hannu, wadda maƙwabtanmu na Nijeriya ke kira danja, ta girmi mota. A watan Disamba na 1868 aka kafa ta farko a Landan, kusa da majalisar dokoki, domin kekunan dawaki. Da iskar gas take ci, ɗan sanda ke juya ta da hannu, kuma ba ta cika wata guda ba ta fashe, ta ji masa rauni. Ta lantarki ta bayyana a Amurka a 1914, a 1920 aka ƙara mata launin ɗorawa tsakanin ja da kore. A 1958 ne wani Bature ɗan Ingila, Webster, ya fitar da lissafin da injiniyoyi suka daɗe suna bi wajen raba daƙiƙoƙi tsakanin hannuwan mararraba. Tun daga nan hannun ɗan sanda ya koma agogo.

To, agogon nan ana saita shi ne bisa faɗin hanya da yawan masu bin ta. Ranar da ɗan kwangila ya tone rabin kwalta, hanyar da aka yi wa lissafin ta kau, lissafin kuwa yana nan. Mu ɗauka an bar hannu ɗaya mai tsawon mita 300, ana bi bi-da-bi. Motar da ke gudun kilomita 30 a awa za ta ƙetare shi cikin daƙiƙa 36. Amalanken shanu da ya ɗauko zogale daga fadamar Jiratawa, yana tafiyar kilomita 5 a awa, sai ya ci fiye da minti uku da rabi. In an saita fitila don mota, kore zai kama a ɗaya gefen alhali shanu na tsakiya. In an saita ta don shanu, ɗan kabu-kabu zai gaji da jira ya kutsa, sauran su bi shi. Shi ya sa, a ganina, lebura mai jar tuta ya fi fitila dacewa da hanyoyinmu a lokacin aiki, domin shi yana da ido.

Tarihin Maraɗi ya nuna yadda muka iso nan. Tsohon gari yana cikin kwarin gulbi, inda sarakunan Katsina suka zauna bayan jihadi. Ambaliyar 1945 ta rushe shi, Faransawa suka hau da shi tudu, suka yanka tituna miƙaƙƙu masu gittawa juna. Kowace gittawa mararraba ce, kowace mararraba kuwa tana jiran wanda zai ce wa zai fara wucewa. Cinikin gyaɗa da fataucin Nijeriya suka cika titunan da manyan motoci, galibinsu ta hanyar Ɗan Isa da Jibiya, wadda ta ratsa ƙasar Madarumfa. Da Maraɗi ta karɓi bikin 18 ga Disamba a 2015, cikin shirin da aka sa wa suna Maraɗi Kwalliya, an tone tituna an shimfiɗa sabuwar kwalta cikin gaggawa, saboda ranar biki ba ta ɗaguwa.

A irin wannan lokaci talaka ƙofa ɗaya ya sani, ta magajin gari. Ba laifinsa ba ne. Tun zaɓen ƙananan hukumomi na 2004 aka ce masa mulki ya sauko kusa da shi. Amma babbar hanyar ƙasa tana hannun ma'aikatar da ke Yamai, kwangilar can aka sa mata hannu, ɗan kwangila kuma ga wanda ke biyansa yake amsawa. Abin da ya rage wa magajin gari bai wuce ya tura ƴan sanda mararraba, ya nemi a yayyafa ruwa kan hanyar ratse don ƙura, ya ba mutane haƙuri a gidan rediyo ba. Ana zaginsa kan akwatin da mabuɗinsa ba ya aljihunsa. A watan Afrilu na 2024 hukumomin soja suka rushe majalisun da aka zaɓa, suka naɗa kantomomi, sai ƙofar nan ma ta canza mai gadi.

Akwai kuma wutar kanta. Lantarkin Maraɗi ya daɗe yana zuwa daga Katsina ta layin Gazawa. Da Nijeriya ta yanke shi a watan Agusta na 2023, bayan juyin mulki, duk abin da ke rataye da wayar nan ya shiga halin ɗauke-kawo har zuwa Maris na 2024. Fitilar da babu farantin hasken rana a kanta, a irin waɗannan watanni, ƙarfe ne tsaye, sai a koma ga ɗan sanda kamar Landan kafin 1868.

A watan Fabrairu na 2021 aka ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kusan kilomita 284, ta Daura da Katsina da Jibiya. Daga Jibiya ba shi da mabi sai ƙasar Madarumfa, inda zai gitta turakun da amalanke ke bi zuwa kasuwa da burtalin da Fulani ke kora shanu.