Daga Hirar Juma'a zuwa Akwatin Bakin Zaki: Tarihin Kafuwar Ɗakin Karatun Filadelfiya

A cikin kakar shekarar 1727, a birnin Filadelfiya na Amurka, wadda a zamanin nan take ƙarƙashin Sarkin Ingila, wani saurayi ma'aikacin ɗab'i mai suna Benjamin Franklin, wanda shekarunsa ba su wuce 21 ba, ya tara waɗansu abokansa ma'abota son karatu, suka yi ittifaƙi a kan su riƙa haɗuwa kowace Juma'a da maraice domin muzakara, suka kuma ƙayyade cewa adadinsu kada ya haura mutum 12. Sunan da suka raɗa wa majalisin nasu shi ne Junto, amma akan kira su masu walki, saboda galibinsu masu sana'ar hannu ne da ke wuni ɗaure da fata a gaba. A cikinsu akwai Thomas Godfrey mai sa gilashin taga, wanda ya koya wa kansa hisabi ba da malami ba. Akwai William Parsons baduku, da William Maugridge kafinta, da Nicholas Scull mai awon ƙasa, da Joseph Breintnall wanda ke cin abinci da kwafar takardun ciniki, alhali zuciyarsa tana wajen waƙa. Mai abin hannu a cikinsu shi ne Robert Grace, wanda daga bisani, da suka gaji da zaman mashaya, suka koma taruwa a wani ɗaki na gidansa.

Shi Franklin ya san zafin rashin littafi tun yana yaro. An haife shi a Boston a 1706, aka cire shi daga makaranta yana ɗan shekara 10, aka danƙa shi ga wansa ya koyi ɗab'i yana ɗan 12; kuma ya ba da labari a cikin tarihin rayuwarsa cewa yakan lallaɓi yaran masu sayar da littattafai su ara masa littafi da almuru, ya raba dare yana muɗala'a, gari na wayewa ya mayar da shi tsaf kafin mai kanti ya farga. Da ya je Landan a 1724 ma hakan ya yi, sai dai a can ya shirya da wani maƙwabcinsa mai sayar da tsofaffin littattafai a kan ya riƙa biyan ɗan abin haya. Mutumin da ya sami ilminsa ta hanyar aro ba zai ɗauki littafi abin ƙawata zaure ba.

Majalisin yana da ƙa'idoji. Kowane ɗaya, in layi ya zo kansa, sai ya kawo mas'ala a kan ɗabi'u ko siyasa ko ilmin halitta a yi bahasinta. Bayan kowane wata uku kuma ya karanta wa jama'a wata maƙala ta talifinsa. An kuma hana kafewa a kan ra'ayi da ƙaryata ɗan'uwa ƙiri-ƙiri, wanda ya saɓa kuwa a ci shi 'yar tara, don kada mujadala ta rikiɗe ta zama gardamar neman rinjaye. Sai dai abin da ya fi jan hankalina shi ne jerin tambayoyi 24 da Franklin ya tsara don kowa ya duba kafin ya zo, domin tambayar da ya sa a farkonsu duka ita ce, ko mutum ya ci karo da wata fa'ida da ta cancanci a gaya wa jama'a a cikin littafin da ya karanta na baya-bayan nan, a fannin tarihi ne, ko waƙa, ko likitanci, ko labarin tafiye-tafiye, ko sana'a. Duk abin da za mu ambata a gaba, da gine-ginen da dubban mujalladan, daga wannan tambaya ya tsiro. Dalili kuwa a fili yake: in baduku ya yabi littafi har ya sa yawun kafinta ya tsinke, abin da zai biyo baya shi ne kafinta ya ce a ara masa; in kuma gardama ta kaure a kan abin da wani mawallafi ya faɗa, babu mai raba ta sai an buɗe shafin an gani.

Saboda haka wajen 1730 Franklin ya kawo shawarar kowa ya kwaso littattafansa a tara su a ɗakin taro, ya zamana kowa na iya amfana da na kowa. Aka yi na'am, aka kwaso, aka jera su a gefe guda na ɗakin, sai ga su ba su kai yawan da aka zata ba. Aka yi kamar shekara guda ana cin moriyarsu, amma kayan kowa ba shi da mai kula. Lalacewa ta fara shiga, rai ya fara ɓaci, daga ƙarshe kowa ya naɗe nasa ya mayar gida. Wanda ya taɓa ba da aron littafin da yake ƙauna, aka dawo masa da shi bango a ɓalle, da tambarin miya a tsakiya, ba ya bukatar a yi masa sharhin abin da ya faru a ɗakin nan.

Wani da ya ga haka sai ya yanke ƙauna, ya ce mutane ba su da amana. Franklin kuwa ya fahimci cewa aibin yana ga tsarin, don amanar da ba a rubuta sharuɗɗanta ba nauyi ce da ba a ɗora wa kowa ba. Sai ya sake shawara: maimakon a tara littattafan da aka mallaka, a tara kuɗi a sayo sababbi daga Ingila, su zama mallakar jama'a, da ma'aji, da magatakarda, da mai tsaro, da tara ga wanda ya makara. Ya sa wani marubucin yarjejeniyoyi mai suna Charles Brockden ya tsara daftarin, aka sa masa kwanan wata 1 ga Yuli, 1731, bisa sharaɗin kowane mai shiga zai zuba sule 40, wato fam biyu, a karon farko, sannan sule 10 kowace shekara har shekara 50. An ce da za su sa hannu, Brockden ya dube su ya nuna musu cewa duk da ƙuruciyarsu da wuya waninsu ya ga cikar wa'adin. Allah kuwa ya ja kwanan Franklin har ya wuce wa'adin da shekara 9. Samun mutum 50 masu iya fitar da fam biyu saboda littafi bai zo da sauƙi ba, a garin da masu karatu ba su da yawa kuma galibinsu talakawa ne. A nan ne Franklin ya koyi wata dabara da ya riƙe har tsufansa, wato da ya lura mutane na ja da baya in suka ga abin zai ɗaga sunan mutum guda, sai ya daina cewa shawararsa ce, ya riƙa cewa waɗansu abokai ne suka aiko shi. Da haka aka kafa abin da ake kira Library Company of Philadelphia, William Coleman ya zama ma'aji, Breintnall ya zama magatakarda.

Kuɗi ya taru, sai babbar mas'ala ta taso, wato wane littafi za a saya. Samarin suka san iyakar saninsu, suka nufi James Logan, tsohon sakataren William Penn wanda ya kafa lardin da Filadelfiya take ciki, mutumin da babu kamarsa a sanin littattafai a wannan yanki, masanin Latin da Yunananci da hisabi da ilmin taurari. Ya ba su shawara, aka tsara jeri, a ƙarshen watan Maris na 1732 aka aika da shi Landan tare da takardar kuɗi ta fam 45. Wani attajiri a can mai suna Peter Collinson ya ɗauki nauyin sayayyar, ya ƙara musu da kyautar littafi biyu, ɗaya sharhin ilmin Newton, ɗaya ƙamus na aikin lambu, ya kuma ci gaba da yi musu wannan hidima wajen shekara 30 ba da ko kwabo ba. A watan Oktoba akwatunan suka iso, da tarjamar Homer, da tarihin manyan mutane na Plutarch, da mujalladan Spectator, da littafin Daniel Defoe a kan ladubban kasuwanci, aka jera su a gidan Grace, aka ɗauki Louis Timothée, wani mutum mai asalin Faransa, ya zama mai tsaro, yana buɗewa ran Laraba daga ƙarfe 2 zuwa 3, ran Asabar daga 10 zuwa 4. Duk mutumin kirki na iya shiga ya zauna ya karanta, amma fita da littafi sai mai hannun jari, bayan ya sa hannu a takardar alkawarin biya in ya ɓatar; Logan kaɗai aka keɓe daga wannan sharaɗi, don girmama shi. Da Timothée ya ƙaura, Franklin ya riƙe mabuɗin na ɗan lokaci, sannan Parsons baduku ya karɓa ya daɗe a kai.

Fihirisar da Franklin ya buga a 1741 ta ƙunshi littafi 375, kuma wanda ya duba ta zai gane irin mutanen da suka zaɓe su. Kusan sulusinsu tarihi ne da labarin ƙasashe, sai adabi, sai kimiyya; na addini ba su wuce ushiri ba, alhali a ɗakunan karatun manyan makarantu irin su Harvard da Yale na wancan zamani littattafan limaman coci ne suka fi rinjaye; kuma kusan dukkansu da Ingilishi suke, harshen da kafinta ke ji. Wannan bai faru bisa katari ba, don masu karatun su ne masu zaɓe. Shaida mafi daɗin gani a kan haka ita ce wani akwati na gwangwani da aka yi wajen tsakiyar ƙarnin, aka zana masa kan zaki da fenti, aka yanka tsaga a daidai bakin, aka rubuta a jikinsa cewa duk mai son a sayo wani littafi ya rubuta sunansa ya jefa a bakin zakin. Ashe tambayar nan ta ranar Juma'a ba ta mutu ba, ta dai sake kama ce: jama'a ta yi yawan da ba za ta zauna a ɗaki guda ba, sai aka yi wa shawara akwati.

Daga nan girma ya zo da sauri. A 1740 aka koma wani sashe na ginin majalisar lardin. A 1742 iyalan Penn suka ba da takardar izini ta dindindin, wadda ta shafe wa'adin shekara 50 ɗin nan. Garuruwa suka kwaikwaya, Newport a 1747, Charleston a 1748, New York a 1754. A 1769 kuma wani ɗakin karatu na Filadelfiya mai suna Union ya narke a cikin Library Company. Mutane suka riƙa kawo kyaututtuka, har da waɗanda ba su da alaƙa da karatu, kamar famfon zuƙe iska, da hannun wata busasshiyar gawa ta Masar ta dā. Amma wani bututun gilashi da Collinson ya aiko shi ne ya jefa Franklin cikin binciken lantarki da ya sa sunansa ya game duniya. Da wakilan lardunan Amurka suka taru a 1774 suna shawarar yadda za su yi da Ingila, a Zauren Kafintoci suka zauna, littattafan kuwa suna bene a bisa kansu, aka ba su izinin aro. Haka aka yi wa masu tsara kundin mulki a 1787, haka kuma 'yan majalisar ƙasa suka dogara da shi har gwamnati ta ƙaura zuwa Washington a 1800. Franklin ya rasu a watan Afrilu na 1790, bai ga buɗe ginin ɗakin na kansa ba a 1791; a shekarar da ta biyo kuma aka haɗe masa littattafan Logan, kimanin mujalladi 2,600, waɗanda ya bari waƙafi ga jama'ar birnin.

Ni a ganina jarrabawar da ta fi tsanani ta zo wa wannan ɗaki ne ta hanyar arziki. A 1869 wani likita mai suna James Rush ya rasu ya bar masa wasiyyar kusan dala miliyan guda, bisa sharaɗin a gina katafaren gini a wata unguwa da ke nesa da gidajen masu karatun, ya kuma bayyana a cikin wasiyyar ƙyamarsa ga littattafan ƙagaggun labarai na yayi, da jaridun kullum, da kujeru masu laushi da ke jawo masu kashe lokaci. Aka buɗe ginin a 1878, mai ginshiƙai irin na haikalin Yunanawa, gwanin ban sha'awa, sai dai jama'a ba ta bi shi can ba, har ala tilas aka gina wani a tsakiyar gari a 1880 don masu aron yau da kullum. Masu walki sun kafa wuri inda mai karatu ke faɗin abin da yake so a sayo masa, ga shi wani ya zo da dukiya yana faɗa wa mai karatu abin da ya kamata ya so. Sannan a 1894 aka buɗe ɗakin karatu na kyauta na birnin, wanda ba ya neman hannun jari daga kowa, matsin tattalin arziki na shekarun 1930 kuma ya zo ya ƙarasa abin da ya rage.

Abin da ya cece shi shi ne tsofaffin littattafan nan da babu wanda ya yi tunanin zubarwa. Edwin Wolf, wanda ya zama shugaban ɗakin a 1955, ya gane cewa abin da baduku da kafinta suka yi ta nema a sayo musu ya zama hujja mafi inganci a kan abin da mutanen Amurka na farko ke karantawa, sai ya juya akalar wurin daga aro zuwa bincike, aka koma sabon gini a titin Locust a 1966, inda a yau ake ajiye da kimanin rabin miliyan na littattafai da rubuce-rubucen hannu da hotuna, aka kuma ci gaba da sayar da hannun jari a ciki bisa al'adar 1731. Majalisin Junto kansa ya yi kusan shekara 40 kafin ya watse. Akwatin bakin zakin kuwa yana nan cikin kayan tarihin da ɗakin ke tsaro, da tsagarsa da rubutunsa.