Iyayen da Ba Su Haifa Ba: Matsayin Tsoffin 'Yan Wasan Dirag a Amurka

A shekarar 1961 José Sarria ya tsaya takarar kujerar majalisar birnin San Faransisko. Sana'arsa ita ce dirag, wato wasan dandamali da akasari namiji kan yi da shiga da kwalliyar mace, kuma a mashayar Black Cat yake rera waƙoƙin opera cikin barkwanci. Bai ci zaɓen ba, amma ya samu ƙuri'a wajen 6,000, kuma shi ne na farko a Amurka da ya nemi muƙamin siyasa ba tare da ya ɓoye cewa jinsinsa yake nema ba. A 1965 ya kafa ƙungiyar Imperial Court, wadda rassanta a Amurka da Kanada da Meziko ke tara kuɗin agaji ta hanyar wasanni har yau. Ya rasu a 2013 yana da shekara 90.

Irin su Sarria ne masu neman jinsi ɗaya da masu sauya jinsi a Amurka ke kira dattawansu a yanzu, suna shirya musu bukukuwa, suna sa wa tituna sunayensu. Sun cancanta. Sai dai a ganina dalilin da aka fi kawowa, wato daɗewa a kan dandamali da gwanintar kwalliya, shi ne mafi rauni, kuma shi ya sa karramawar kan zo a makare, ta kuma zo da abin da ba shi suke buƙata ba.

Wannan al'umma tana da wata matsala da wasu tsiraru ba su da ita. Ɗan Bayahude ko ɗan baƙar fata a Amurka yakan tashi a gidan da iyayensa suka sha irin ƙyamar da zai sha, su koya masa yadda ake jure mata. Yaron da ya gane jinsinsa yake so kuwa, sau da yawa daga gidan nasu ake fara korarsa. Ba shi da wanda zai gada. Dole wani bare ya ɗauki nauyin abin da uwa da uba suka ajiye, kuma a shekarun 1960 zuwa 1990 'yan dirag na cikin waɗanda suka fi ɗaukarsa, domin su ne ba sa iya ɓoyuwa, su ne yaron da ya sauka daga mota a Niyok zai fara ganewa.

A unguwar Harlem ta Niyok abin ya samu tsari. A gasar kyau ta 'yan dirag ta 1967, wadda aka ɗauka a fim ɗin The Queen na 1968, Crystal LaBeija, baƙar fata, ta fice a fusace tana zargin an yi maguɗi an fifita wata farar fata. Bayan 'yan shekaru ta kafa gidan LaBeija, wasu gidaje suka biyo baya. Kowane gida yana da uwa, yana da 'ya'ya masu ɗaukar sunansa. Masu kallo gasar rawa da ado suke gani, amma aikin uwar gida ya fi yawa a sauran kwanakin mako: neman wa yaro wurin kwana, ciyar da shi, yi masa faɗa ya koma makaranta, raka shi asibiti. Mai karatu Bahaushe zai iya tuna cewa Rudolf Gaudio, a littafinsa na 2009 a kan 'yan daudu a Kano, ya bayyana irin wannan dangantaka ta uwa da 'ya a tsakaninsu. Daudu da dirag ba abu ɗaya ba ne, tarihinsu ma daban, amma buƙatar da ta haifar da zumuncin ɗaya ce.

Marsha P. Johnson da Sylvia Rivera sun kafa ƙungiyar STAR a 1970, shekara ɗaya bayan boren Stonewall da masu neman jinsi ɗaya suka yi a Niyok, suka kama gida a unguwar East Village don yaran da ke kwana a titi. Da karuwanci suke biyan haya, don kada yaran su yi ta. Wannan bayani ba ya yawan fitowa a jawaban karramawa, alhali shi ne ainihin girman abin da suka yi. A gangamin masu neman jinsi ɗaya na 1973 a Niyok, jama'ar da Rivera ta yi wa fafutuka ne suka yi mata ihu a kan dandamali. Wasu na ganin 'yan dirag suna zubar musu da mutunci a idon hukuma, wasu mata kuma na ganin wasan izgili ne ga mace. Ƙorafin matan ba abin yasarwa ba ne, akwai wasannin da suka tabbatar da shi. Amma bai isa hujjar korar wanda ke ciyar da yaran da kowa ya ƙi ba.

Sai cutar ƙanjamau ta zo ta share tsara guda. Dorian Corey da Angie Xtravaganza, waɗanda duniya ta sani ta fim ɗin Paris Is Burning na 1990, duk sun rasu a 1993, Angie tana da shekara 28 kacal, tana uwar gida. Shi ya sa furfura ke da tsada a wannan al'umma. Wanda ya tsira ya san sunayen da ba a rubuta ba, ya san wa ya yi jinyar wa, wa ya biya kuɗin binne wa lokacin da dangi suka ƙi karɓar gawa.

To, da me aka saka musu? Fim ɗin Paris Is Burning ya tara kusan dala miliyan 4, amma bayan jayayya abin da aka raba wa mutum 13 daga cikin waɗanda suka fito a ciki bai wuce dala 55,000 ba. Rivera ta yi wani lokaci a shekarun 1990 tana kwana a bakin kogin Hudson, kogin da aka tsinci gawar Johnson a cikinsa a 1992. Sai a 2020 jihar Niyok ta sa wa wani wurin shaƙatawa a Brooklyn sunan Johnson. Tun da shirin gasar dirag na RuPaul ya fara a talabijin a 2009, dirag ta zama hanyar samun kuɗi da suna ga matasa, waɗanda da yawa suna amfani da salon magana da rawar da gidajen Harlem suka ƙirƙiro. Ba na ganin laifin matasan. Abin da ya dame ni shi ne yadda matacce ya fi mai rai sauƙin karramawa: ba ya buƙatar magani, ba ya musa labarin da aka gyara masa.

Akwai wanda ya ga girmamawa da idonsa. Walter Cole, wanda aka sani da Darcelle XV a birnin Portland, ya shiga kundin Guinness a 2016 a matsayin ɗan dirag mafi tsufa da ke kan aiki, an sa gidan wasansa a rajistar wuraren tarihi ta ƙasa a 2020, ya kuma ci gaba da wasa har dab da rasuwarsa a 2023 yana da shekara 92. Amma Cole farar fata ne, kuma tun 1967 gidan wasan nasa ne. Mallakar wuri ce ta ba shi tsufa mai natsuwa, abin da iyayen gidajen Harlem ba su samu ba.

Don haka ma'aunin da ya kamata a auna karramawa da shi shi ne muhalli da jinya. Tsofaffin wannan al'umma da yawa ba su da 'ya'yan cikinsu, kuma sana'ar da ake biya da kuɗin hannu a mashaya ba ta barin fansho. Ƙungiyar SAGE, wadda aka kafa a Niyok a 1978 don irin waɗannan tsofaffi, ta haɗa hannu wajen buɗe Stonewall House a Brooklyn a 2019, gidaje 145 masu sauƙin haya. Birni mai mutum fiye da miliyan 8 yana buƙatar ninkin wannan sau da yawa, kuma gidajen rawa da kamfanonin talabijin da ke cin ribar dirag a yau suna da halin gina wasu.